Huɗu Ne, Ba Ɗaya Ba

In ka shigo Maska ka ce a nuna maka gidan Inna Sabuwa, za a tambaye ka, mai daddawa ko mai wabi? Duk ita ce. Na farkon sana'arta ce. Na biyun kuwa tambari ne da mutanen garin nan suka manna mata tun tana da ƙuruciyarta, kuma har yau da furfura ta cika mata kai akwai marasa ta-ido da ke faɗa. Ni Zaituna katanga ɗaya ce tsakanina da ita, katangar ma ta zube ta wajen rijiya, muka bar ta haka don ta fi mana sauƙin miƙa wa juna gishiri. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Wanda bai san wabi ba, ga yadda yake. Mace ta haihu, yaro ya fara wayo ya rasu. Ta sake haihuwa, ya sake rasuwa. Sai tsofaffi su ce ai yaro ɗaya ne yake yi mata wasa da hankali, ya leƙo duniya ya koma, ya sake dawowa.

Auren gida aka yi wa Sabuwa, tuwona maina, da Malam Mati ɗan wan babanta, manomin masara da auduga, mutum mai sanyin hali da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Suna son juna, wannan ba wanda zai musa. Ɗanta na fari bai kai yaye ba hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, idanu suka yi rawaya, ya yi ta kukan da ba ya jin lallashi, damina na tsakiya ya koma. Aka ce ciwon shawara ne. Ta biyu mace, har ta yi tafiya ta fara magana, ita ma hanyar da ta bi ke nan. Daga nan kalmar wabi ta fito daga bakin wata tsohuwa, ta zauna daram.

Da na uku ya zo, an yanka rago, liman ya raɗa masa suna na gaskiya. Amma kafin la'asar aka ɗauke shi aka ɗora kan juji a bayan gida, aka ɗauko, aka ce daga yau sunansa Ajuji, wai a nuna masa ba a damu da shi ba ko ya yi zuciya ya zauna. A zamaninsa aka kawo ni amarya, don haka shi na san shi sani na haƙiƙa. Bahago ne. Kullum ana buge masa hannu a bakin akushi, kullum yana dariya yana mayar da hagun. In kaka ta yi, sai ya bi ubansa tsinkar auduga ya cika 'yar hularsa ya kawo mini, wai in yi masa riga. Amma in sanyin damina ya shigo, sai ka ji shi ta kan katanga yana cewa, "Inna, ƙashina ake sarawa." Wallahi har yau in hadari ya haɗo ina jin muryar nan. Ya kai shekara bakwai, har mun fara sakin jiki, sannan ya tafi. Ta huɗu aka ce mata Ayashe, ita ce ta fi kowa gajeren kwana.

Duk wannan ban taɓa jin Sabuwa ta ɗaga murya da kuka ba. Mata su cika gida ana koke-koke, ita tana zaune tana cewa, "Ku bar shi, ya tafi ne, zai dawo. Yaron nan taurin kai gare shi." Ta wanke kayansa ta ninke ta sa a cikin wata jakar buhu ta rataye a ɗaka, wanda ya biyo baya ya sa su. Mutane suka yi ta yabon haƙurinta. Ni kuwa abin yana ci mini rai, na rasa dalili.

Ta biyar mace ce. Wanzami ya ɗan tsaga mata gefen kunnen hagu, aka sa mata Barmini, wato Allah ka bar mini wannan. Sunanta na yanka Amina, amma ko a rajistar makaranta sai an yi da gaske take amsa shi. Ita ce ta zauna. Ta yi yaye, ta yi wayo, damina ta zo ta wuce ko ciwon kai ba ta yi ba. Sabuwa ta ce, "Alhamdulillahi, ya gaji da yawo." Ka gane? A wurinta ba ta rasa kowa ba. Duk waɗanda suka tafi suna nan cikin Barmini, suna cin tuwo suna zuwa makaranta.

Malam Mati ya rasu Barmini na sakandare. Da ƙullin daddawa Sabuwa ta riƙe ta, tun daga dafa kalwa har kirɓi, har yarinya ta yi karatun koyarwa ta samu aji a firamaren garinmu. Sai ga Abdulrahman, ɗan Alhaji Jibo yayan Sabuwa uwa ɗaya uba ɗaya. Shi da Barmini taubasai ne, tun suna ƙanana ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, yana ce mata mai kunnen akuya, tana ce masa mai warin taki, don takin zamani da irin shuka yake sayarwa a Funtua. Wasa ya zama gaske. Ba wanda ya tura su, su suka zo da bakinsu. Alhaji Jibo ya yi murna har da hawaye, aka kawo akwatin sa rana, aka ce sai bayan kaka in an ɗauke masara. Ban taɓa ganin Sabuwa cikin farin ciki irin na lokacin ba.

To, ni da ita muna zuwa Islamiyyar matan aure Asabar da Lahadi bayan la'asar. Malaminmu, Malam Abdulmutallib, mutumin Dandume ne, ba tsoho ba, mai yawan tunani kafin ya buɗe baki. Wata Lahadi ya ce yau ba karatu, ya gayyato mana baƙuwa, Malama Ummukulsum, mai koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Funtua. Ta shigo da ƙoƙo biyu, kowanne da ƙwayar wake biyu a ciki, fara da ja. Ta ce wannan ƙoƙon uba ne, wannan uwa. Farin wake lafiyayyen jini, ja kuwa na sikila, abin da iyayenmu ke kira amosanin jini. Mai fari da ja lafiyarsa lau, bai ma san yana ɗauke da komai ba. Amma kowane ciki, ɗa yana ɗaukar ƙwaya ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. In ya haɗa ja biyu, shi ne mai ciwon. Ta sa muka riƙa rufe ido muna zara, mata na ta shewa kamar wasan yara. Ta ce ana gane wannan da gwajin jini, kuma gara a yi kafin aure.

Nan fa aji ya kaure. Wata ta ce wannan shiga gaibu ne, wa ya san abin da ke cikin mahaifa in ba Allah ba? Wata ta ce Turawa ne ke son raba zumunci. Wata ta ce ita 'yarta an yi mata gwajin, kuma ba abin da ya ragu a imaninta. Malam ya bari sai da muka gaji, sannan ya ce gaibu shi ne abin da Allah ya ɓoye, abin da kuwa ya bari a gani da ido ko da na'ura, gani ne kawai, kamar manomi ya dubi gabas ya ga hadari.

Sabuwa ba ta sa hannu a ƙoƙon nan ba. Da ma ita ba mai magana ba ce a aji. Sai na ji muryarta daga gefena.

"Malama, yaron da hannunsa ke kumbura, idonsa ya yi rawaya, in an yi ruwa ya ce ana sara masa ƙashi, shi ma waken ne?"

Malama ta dube ta, ta sassauta murya. "Inna, 'ya'yanki ne?"

"Ɗana ne. Sau huɗu yana zuwa yana komawa."

"Ban gan su ba, Inna, ba zan rantse ba. Amma duk abin da kika lissafa alamun sikila ne. Allah ya jiƙan su."

"Su?" in ji Sabuwa. "Ai shi ɗaya ne." Ta juya wajen Malam, tana neman ya gyara wa baƙuwa zance.

Malam ya sunkuyar da kai. Na san yana neman hanyar da ba ƙaya, kuma babu. Ya ce, "Inna, ba zan ɓoye miki ba. Rai in ya tafi ba ya dawowa duniya. Zancen wabi camfi ne, ba shi da tushe a addini. Kowane ɗa da ransa, da sunansa. Huɗu ne, kuma muna kyautata zaton suna can suna jiran ki."

Ya faɗa ne don ya sanyaya mata rai, na sani. Sabuwa ta miƙe ta fita. Sai da na fito na ga takalmanta a bakin ƙofa. Da ƙafa ta taka har gida, ni na bi ta da su a hannu.

Washegari da hantsi, Barmini na makaranta, na ji kuka ta kan katanga. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na haura ta wajen rijiya na same ta zaune a ƙasa gaban tukunyar kalwa, wuta ta mutu. Kukan da ba ta yi ba a gawa huɗu, shi take yi. Ta kama hannuna ta ce, "Zaituna, Ajuji bahago ne. Barmini ba bahaguwa ba ce. Ina gani da idona, na ƙi gani." Na zauna muka yi kukan tare. Daddawar makon nan lalacewa ta yi.

Ba a yi kwanaki ba Sabuwa ta kira Barmini da Abdulrahman, ta ce su je Funtua a gwada jininsu. Abdulrahman ya ce, "Gwaggo, in dai jini ne nawa ya fi na mai kunnen akuya kyau." Suka hau babur suna dariya. Da suka dawo ba mai dariya. Kowannensu yana da fari da ja, abin da 'yan asibiti ke kira AS.

Alhaji Jibo da ya ji, a ranar ya iso. Kada ka ɗauka jahili ne, a'a. Babban manomi ne, ya san duniya, kuma shi ya riƙe Sabuwa bayan rasuwar iyayensu. Ya sa aka kira Malam, Malam ya sa aka kira Malama, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Sabuwa ƙarƙashin darbejiya. Ni ba wanda ya gayyace ni, ba kuma wanda ya isa ya kore ni.

Alhaji ya ce, "Malam, ina tambaya. Mutum nawa ne jininsu lafiya lau suka binne 'ya'ya? Zazzaɓi ma kisa yake. Rai da ajali a hannun wa suke? An sa rana, gari ya ji, yara na son juna. Takardar asibiti ce za ta warware abin da Allah ya halatta?"

Malam ya ce, "Alhaji, ni ban isa in haramta halal ba. In kuka kawo mini auren nan zan ɗaura, kuma ya ɗauru. Amma in shawara kake nema, kai manomi ne, ba ka shuka irin da ka ga ƙwaro ya huda sannan ka ce tawakkali."

"Ɗana ba masara ba ne," in ji Alhaji.

Ya juya kan Malama ya ce ta faɗa masa gaskiya tsakaninta da Allah, dole ne su haifi mai ciwo? Ta ce ba dole ba ne, ɗaya cikin huɗu ne. Alhaji ya tafa hannu. "To, magana ta ƙare! Su haifi uku su tsaya." Wallahi da ba a cikin tashin hankali muke ba da na yi dariya, shi da gaske yake, yana ganin kamar layi ake bi, na huɗu ne mai rabon ciwo. Malama ta ce ba haka ba ne, kowane ciki sai an mayar da wake cikin ƙoƙo an sake zara. Suna iya haifar goma lafiya, na farko ma yana iya zuwa da shi. Ta ƙara da cewa yanzu ba kamar da ba ne, akwai magani da kulawa, akwai masu sikila da suka girma suka yi aure, sai dai wahalar tana nan, kuma ita ba za ta zaɓar wa kowa ba.

Ni fa a nan raina ya ɓaci. Mai littafi ya ce ba zai hana ba, mai boko ta ce ba za ta zaɓa ba. Kowa ya faɗi gaskiyarsa ya kakkaɓe hannu, suka bar tsohuwa da kaya a ka. Daga baya na gane ba su da abin da ya wuce hakan, amma a ranar ji na yi kamar in kore su da muciya.

Alhaji ya dubi ƙanwarsa. "Ke kuma Sabuwa, ki ji tsoron Allah. Yaro ɗaya ya wahalar da ke, Allah ya zaunar miki da shi, ga shi nan ya girma. Da butulci za ki saka?"

Sabuwa ba ta taɓa musa wa yayanta ba tun da nake. Ta gyara lulluɓi ta ce, "Yaya, huɗu ne."

"Mene ne huɗu?"

"Muhammad Awwal."

Ɗan fari! Wace Bahaushiya ce ta zamaninsu ke kama sunan ɗan fari, a gaban yayanta, a gaban malami? Ni kaina sai da na rufe baki. Ita kuwa ko gezau.

"Muhammad Awwal, shi ne mai tsoron zakara. Nana Aisha, ita ce ta fara ce mini Inna. Mannir, wanda kuka sa na kira Ajuji shekara bakwai, bahago. Sa'adatu, ko haƙori ba ta gama ba. Yaya, kai ka ɗauki Mannir a hannunka zuwa maƙabarta, ka ce ba sai an nemo makara ba. Ka manta rashin nauyinsa?"

Alhaji ya kau da kai gefe.

Sabuwa ta juya wajen 'yarta, wadda ke tsaye a bakin ƙofar ɗaki. "Ban hana ki ba. Na san kina son sa, ni ma ina son sa, ɗana ne. Ni ban sani ba na shiga, Allah ba zai kama ni ba, kuma ban yi da-na-sanin zama da ubanki ba. Ke kin sani. In kin ce kin ji kin gani, ni zan yi miki gara da hannuna. Amma ki yi da idonki a buɗe, Amina."

Yarinyar ta ɗan waiga, kamar wata ake kira. Uwarta ba ta taɓa kiran ta da sunan nan ba. Ta tako ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, ban taɓa jin sunayensu ba. Sake faɗa mini."

Sabuwa ta sake faɗa, ɗaya bayan ɗaya, Amina na maimaitawa a hankali kamar mai ɗaukar karatu. Da suka kai kan Sa'adatu, Amina ta miƙe ta shiga ɗaki. Muka ji jan abu a ƙasa. Ta fito da akwatin sa rana ta ajiye a gaban Alhaji ta ce, "Kawu, ka yafe mini." Ba ta dubi Abdulrahman ba, na kuma san don me. Shi kuwa ya juya ya kifa goshinsa a jikin katanga, kafaɗunsa na rawa, ƙato da shi. Na tausaya wa yaron nan har cikin raina, bai yi wa kowa laifi ba.

Kada wani ya ce maka abin ya zo da sauƙi, ƙarya ne. Alhaji Jibo bai sake taka gidan nan ba. Duk kaka yana aiko da buhun masara a bayan babur, ba gaisuwa ba saƙo, ita kuma tana karɓa ta ce a gaishe da Yaya. Abdulrahman ya yi aure a Malumfashi. Amina na nan tana koyarwa, masu nema na zuwa, ba ta ce ga wanda take so ba tukuna. Akwai ranakun da za ta wuni ba ta ce wa uwarta ci kanki ba, sai kuma ka ga ta zauna tana taya ta ƙullin daddawa. A gari har yanzu ana gardama, a majalisa da bakin rijiya, wasu na cewa Sabuwa ta yi jihadi, wasu na cewa boko ya shiga kan tsohuwa ta raba zumunci. Masu faɗa ba su taɓa kwana da yaro yana cewa ana sara masa ƙashi ba, shi ya sa bakinsu ke da sauƙi.

Shekaranjiya na leƙa ta wajen rijiya neman gishiri, na tarar ta sauko da jakar buhun nan da ke rataye a ɗaka tun zamanin Malam Mati. Ta zazzage kayan a kan tabarma tana raba su kashi huɗu. Wannan riga ta Nana Aisha, wannan wando na Mannir, tana ɗagawa tana dubawa tana ajiyewa. Da yake kowa ya sa na wanda ya riga shi, rabon bai zo da sauƙi ba. Saura wata 'yar hular saƙa, ja, duk ta koɗe. Ta juya ta, ta kai wannan kashi ta dawo da ita, ta kai wancan ta dawo da ita.

"Zaituna," ta ce, "wannan ta wa ce a cikinsu? Na manta."

Ni ma ban sani ba. Ta riƙe ta a cinya.